Grace Hopper: Matar da ta koya wa kwamfuta jin magana

Idan manomi a Funtua ko Malumfashi ya ji ADP, shirin bunƙasa noma da Bankin Duniya ya tallafa wa a Funtua tun 1975 zai tuna. Ɗan siyasa kuma jam'iyya zai kawo a ransa. Ga masu aiki da manyan kwamfutoci a Amurka kuwa, haruffan na nufin sarrafa bayanai da na'ura. Irin wannan duhun haruffa da lambobi ne Grace Hopper ta yi ta yaƙi da shi.

An haife ta a birnin New York a 1906, ta yi digirin digirgir a lissafi a Jami'ar Yale a 1934, sannan ta shiga rundunar sojin ruwan Amurka a 1943. Ta dage cewa a riƙa ba kwamfuta umarni da kalmomin da ma'aikacin ofis zai gane. Aikinta ne ya zama tushen harshen COBOL a 1959, wanda manyan bankunan duniya da dama ke amfani da shi har yau.

Ta rasu ranar 1 ga Janairun 1992.