Alhaji Mamman Shata Katsina (1923–1999): Murya, Kalangu da Ƙugin Mota

Gabatarwa

Masu nazarin waƙar baka a sassan Hausa na jami'o'inmu sun yi rubuce-rubuce masu yawa a kan Alhaji Mamman Shata. An tattauna jigoginsa, an feɗe salonsa, an lissafa mutanen da ya wasa da waɗanda ya zambata. Amma akwai abu guda wanda kunne ke fara kamawa tun kafin a fahimci kalma ko ɗaya, kuma shi ne aka fi yi wa riƙon sakainar kashi, watau muryarsa. Manufar wannan ɗan rubutu ita ce a bi rayuwar Shata ta wannan fuska, a ga inda muryar nan ta sami horo, da irin sautukan da ta girma a cikinsu, tun daga kalangun dandali har ya zuwa ƙugin motocin da suka cika hanyoyin kudancin Katsina a zamaninsa.

Haihuwarsa da Tashinsa

An haifi Muhammadu, wanda duniya ta sani da Mamman Shata, a garin Musawa cikin ƙasar Katsina a shekarar 1923. Sunan mahaifinsa Ibrahim Yaro. Gidansu ba gidan kiɗa ba ne, saboda haka waƙa ba gadonsa ba ce, haye ya yi. Mahaifinsa ma bai so ɗansa ya kama wannan hanya ba, domin a idon mutanen wancan lokaci kiɗa da waƙa roƙo ne, roƙo kuwa ba sana'ar da mai mutunci zai zaɓa wa ɗansa ba ce.

Kamar sauran yaran Hausawa, an sa shi makarantar allo. Da ya ɗan tasa sai ya shiga tallan goro, daga baya kuma ya koma sayar da alewa. A wajen cinikin goron ne aka ce ya sami laƙabinsa, domin yakan rabar da abin da ya samu ga mutane ya komo gida hannu rabbana, har wani ɗan'uwansu mai suna Baba Salamu ya riƙa kiransa Mai-shata, sunan kuwa ya bi shi har kabari.

Ya kamata mai karatu ya lura da wuraren nan uku: tsangaya, kasuwa, da dandali. Dukkansu wuraren ɗaga murya ne. Almajiri yana karatu da ƙarfi a tsakiyar muryoyi masu yawa, dole ya fitar da harafi sarai don malam ya ji. Mai talla yana kiran hajarsa daga safe har yamma, in muryarsa ta dushe kasuwarsa ta mutu. A dandali kuwa, inda Shata ya fara waƙa don nishaɗi tsakanin samari da 'yanmata, babu lasifika, sai wanda ya iya ɗora muryarsa bisa kan ganga. Waɗannan su ne makarantun da suka horar da maƙoshinsa.

Daga Bakori zuwa Funtuwa

Da waƙa ta zame masa sana'a, sai ya riƙa zaga ƙauyukan ƙasar Musawa. Bayan haka wani ɗan sarautar Musawa, Abdullahi Inde, wanda ke aikin En'e na sayen auduga da gyaɗa a Bakori, ya neme shi ya komo can da zama. Daga Bakori ne ya soma kai wa Katsina da Kano. A shekarar 1952 tauraronsa ya haska a birnin Kano, sa'ad da ya yi wasa a wani gagarumin biki da ake kira Bikin 'Yan Sarki. A 1960 ya tare a Funtuwa, nan ne kuwa ya zama mazauninsa har ƙarshen rayuwarsa, ko da yake yana da gidaje a Kano da Musawa.

Funtuwa ta wancan zamani gari ne na injuna. Hanyar jirgin ƙasa da ta tashi daga Zariya, wadda ta isa Kauran Namoda a 1929, ta nan ta ratsa. Akwai injin gurzar auduga. Hanyar mota mai zuwa Gusau da Sakkwato ta bi ta ƙasar Faskari, daga Sheme kuma wata ta karkata zuwa Ƙanƙara, wata kuma ta nufi Dandume da Sabuwa. Audugar waɗannan ƙasashe da hatsinsu a bayan manyan motoci suke shigowa Funtuwa. Ke nan mutumin Faskari ko Ƙanƙara ko Sabuwa da ya kawo kaya kasuwa, da ƙugin gingimari da waƙar Shata yake komawa gida a kunnensa.

Makaɗan da suka gabace shi galibi kowa yana da rukuninsa: na fada, na noma, na maza, na sana'a. Shata bai yarda a ɗaure shi a turke ɗaya ba. Ya waƙe sarakuna da attajirai, manoma da sojoji, mata da malamai, har da dabbobi da wurare. Daga cikin waɗanda ya ɗaukaka akwai direbobi, mutanen da sana'arsu sabuwa ce a ƙasar Hausa, ba su da take na gado kamar maƙera ko mahauta. Waƙarsa ta Bawa Direba shaida ce. Haka kuma da Amurkawa suka sauka a duniyar wata cikin watan Yuli na 1969, Shata ya yi wa kumbon Apollo 11 waƙa. Watau tun daga motar da ke bin burji har zuwa abin da ya keta sararin samaniya, duk ya shigar da su cikin waƙar Hausa.

Inji, Kalangu, da Maƙoshi

A nan yana da kyau mu ɗan tsaya mu ga abin da ya haɗa waɗannan abubuwa uku, domin asalin sautinsu ɗaya ne. Duk wani sauti karkarwa ce. In karkarwar ta yi sauri, sautin ya yi sama ya zama siriri; in ta yi jinkiri, ya yi ƙasa ya zama kakkaura.

Mu ɗauki injin ƙaramar mota mai fistin huɗu. Duk juyi ɗaya da ya yi, wuta takan tashi a cikinsa sau biyu. In yana juyawa sau 3,000 a minti guda, to, bugu 100 ke nan a kowace daƙiƙa, wannan kuwa ya yi kusa da kaurin muryar namiji baligi in yana magana. Shi ya sa in direba ya taka totur sai a ji kukan motar yana hawa, in ya canja giya kuma ya faɗo ya sake sabon hawa. Motocin tseren Turai da ake kira Formula One, a tsakanin 2009 da 2013, suna da fistin takwas, kuma an ƙayyade musu juyi 18,000 a minti, watau bugu 1,200 a daƙiƙa. Saboda haka kukansu ya wuce ƙugi, ya fi kama da guɗa. Tsofaffin direbobinmu da makanikai sun san wannan ilmi a kunne, domin da jin kukan mota sukan gane lafiyarta.

Kalangu ma haka yake. Ice ne mai siririn tsakiya, an rufe bakinsa biyu da fata, an haɗa su da tsarkiya. Makaɗi yakan rataye shi a hammata. In ya matse tsarkiya fatar ta ɗame, sauti ya yi sama, in ya sassauta ya sauko. Da yake Hausa harshe ne mai karin sauti, na sama da na ƙasa da faɗau, da wannan matsi da sassauci kalangu ke kwaikwayon magana.

A maƙoshin ɗan'adam kuwa akwai tantanin maƙwallato guda biyu, waɗanda iskar huhu ke kaɗawa. In suka miƙe suka ɗame murya ta yi sama, in suka saki ta yi ƙasa. Wani malamin waƙa ɗan ƙasar Sifen, Manuel García, shi ne ya leƙa nasa da 'yan madubai a 1854, ya ga yadda suke motsi. A makarantun waƙa na Turai ana horar da ɗalibi ya faɗaɗa muryarsa sannu a hankali: ya fara daga sautin da bai wahalar da shi ba, ya riƙa hawa mataki-mataki yana saukowa, ko ya ja murya daga ƙasa zuwa sama kamar jiniya, yana tallafa mata da numfashin ciki ba tare da ya shaƙe wuya ba. Abin sha'awa, ɗaya daga cikin darussan da suka fi amfani da su shi ne a hura iska leɓɓa na karkarwa, ana ɗaga sauti ana sauke shi. Wannan kuwa shi ne ainihin abin da yaron Bahaushe ke yi in yana tura motarsa ta kara yana kwaikwayon direba.

Yadda Shata ke Sarrafa Murya

Shata bai zauna a irin wannan makaranta ba, amma wanda ya saurari faya-fayansa da kunnen basira zai ga ya mallaki abin da ake nema a cikinta. Shi ba ya kiɗa, aikinsa waƙa ce. Makaɗansa su ke riƙe da kalangai, su ne kuma ke karɓa masa amshi. Amshin nan gajere ne, ana maimaita shi, kuma shi ne wurin hutun jagora. A daidai lokacin da ake karɓawa yake cika huhu, yake kuma shirya ɗan waƙar da zai biyo baya. Da wannan dabara yake iya daɗewa a fage muryarsa ba ta gaza ba.

Na biyu, yakan soma ɗan waƙa daga sama, sa'an nan ya gangaro da shi a hankali har ya ajiye shi a bakin amshi, daidai da yadda jimlar Hausa kanta ke gangarowa in ana magana. Na uku, ba ya haɗiye harafi. Kome zafin kiɗa, ana jin sunan wanda ake wasawa da na garinsu sarai. Na huɗu, ya shahara da ƙirƙirar waƙa nan take a gaban jama'a, ba tare da ya zauna ya tsara ta a gida ba. Wanda ke yin haka kuwa dole muryarsa ta zama mai biyayya, don hankalinsa yana wajen kalma. A cikin Bakandamiyarsa, wadda ya wasa kansa da ita, duk waɗannan siffofi sun taru.

Ashe ke nan faɗin murya bai tsaya ga iya kaiwa ƙololuwa ba. Akwai faɗi na juriya, da na fitar da magana, da na iya sauya launi daga yabo zuwa zambo, daga raha zuwa wa'azi. Nan ne Shata ya yi zarra.

Ɗaukakarsa da Rasuwarsa

Gidan rediyon Kaduna, wanda aka buɗe a 1962, da faifan garmaho, sa'an nan kaset, su suka kai muryarsa inda ƙafarsa ba ta taka ba. Direbobin da ya waƙe su ma sun rama masa alheri, domin sun yi ta yawo da kaset-kaset ɗinsa cikin motocinsu. Ya sauke farali, ya kuma ziyarci ƙasashen Afirka ta Yamma da Ingila da Amurka. Ya taɓa siyasa: ya yi kansila a Ƙaramar Hukumar Kankiya cikin shekarun 1970, ya kuma shugabanci jam'iyyar SDP a Funtuwa a Jamhuriya ta Uku. Bai rasa masu suka ba, musamman a kan waƙarsa ta shan giya da kuma kaifin zambonsa. Duk da haka Gwamnatin Tarayya ta ba shi lambar girma ta MON, Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya kuma ta ba shi digirin girmamawa na dakta a 1988. Tun a 1975 Ɗandatti Abdulƙadir ya rubuta kundin digirinsa na uku a kansa a Jami'ar Indiana ta Amurka.

Bayan ya yi jinya a Kano da Jidda, Allah ya karɓi ransa ranar Juma'a 18 ga Yuni, 1999, a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. An rufe shi a Daura, garin ubangidansa Sarkin Daura Alhaji Muhammadu Bashar. Littafin tarihinsa mai suna Shata Ikon Allah! ya fito a 2006, kuma biyu daga cikin marubutansa 'yan wannan yanki ne: Ibrahim Sheme daga ƙasar Faskari da Aliyu Ibrahim Ƙanƙara.

Kammalawa

Shata ya shafe fiye da shekara hamsin yana waƙa, har shi kansa bai san adadin waƙoƙinsa ba. Da yawa daga cikin na ƙuruciyarsa ba a ɗauke su a faifai ba, sun rage ne kawai a bakin dattawan da suka ji su. Dattawan nan kuwa kullum raguwa suke yi. Daɗin daɗawa, rashin tsaro ya taɓa ƙasashen Faskari da Sabuwa da Ƙanƙara ƙwarai, har aka sace ɗalibai fiye da 300 a makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara cikin Disamba 2020, mutanen ƙauyuka da dama kuma suka bar gidajensu. In tsoho ya yi hijira ko ya kwanta dama, abin da ke kansa ya tafi tare da shi. Kaset ma yana da ajali.

Saboda haka aiki yana gaban ɗaliban Hausa, musamman 'yan wannan yanki. Rubuta baitoci a takarda rabin aiki ne, domin takarda ba ta ɗaukar numfashi. Ya kamata a nemi tsofaffin kaset a juye su cikin kwamfuta, a zauna da dattawa a ɗauki karin da suka riƙe, a kuma auna hawa da saukar muryar Shata kamar yadda ake auna karin sauti a darasin ilmin furuci. Da haka ne na baya za su san yadda mai tallan alewa daga Musawa ya ɗora muryarsa bisa kalangu da ƙugin mota, har duniya ta saurara. Allah ya jiƙansa, ya gafarta masa, amin.