Ambruwaz Pare, wanzamin da ya raba sojoji da tafasasshen mai

An haifi Ambruwaz Pare wajen 1510 kusa da garin Laval a ƙasar Faransa. Wanzanci ya koya, irin wanda muka sani: aski, ƙaho, tsaga maruru. Bai iya Latin ba, harshen manyan likitocin zamanin, shi ya sa suka daɗe suna raina shi.

A 1537 yana cikin rundunar Faransa da ke yaƙi a Italiya. Lokacin an ɗauka albarushi guba ne, duk wanda harsashi ya samu sai a zuba masa tafasasshen mai cikin raunin. Wata rana mai ya ƙare. Pare ya haɗa gwaiduwar ƙwai da man wardi da man ƙaron itace, ya shafa wa waɗanda suka rage, ya kwana cikin fargaba. Da asuba ya tarar waɗanda aka zuba wa mai suna fama da zazzaɓi, raunukansu sun kumbura, sauran kuwa sun samu barci. Daga ranar ya bar wannan azabar.

Haka ya yi da ƙunar wuta. Wani yaron kicin ya faɗa cikin tukunyar mai, wata tsohuwa ta ba Pare shawarar ɗanyar albasa dakakkiya da gishiri. Kashegari inda albasar ta taɓa bai yi bororo ba. Bai gamsu ba. Da albarushi ya ƙone fuskar wani soja, sai ya sa albasa a rabi, maganin da aka saba a ɗaya rabin, don ya gani da idonsa. A ganinmu wannan gwajin ya fi albasar daraja.

To, masu albasar Galmi, kada ku ɗauka kasuwa ta buɗe. Likitocin yau sun hana sa albasa, mai ko man goge baki a ƙuna. Ruwa mai sanyi, ba ƙanƙara ba, minti 20. A cire zobe da warwaro kafin kumburi ya taso, sai asibiti. Masu sayar da fetur a bakin iyaka su riƙe wannan.

A 1545 Pare ya wallafa littafinsa kan raunin bindiga da Faransanci, don wanzamai su iya karantawa. Ya yi wa sarakunan Faransa 4 aiki, ya mutu a Paris cikin Disamba 1590.