Ɗan Tafa, Masanin Falsafa na Sakkwato

An haifi Shaihu Abdulƙadir ɗan Mustafa, wanda aka fi sani da Ɗan Tafa, a 1804, shekarar da aka soma jihadi. Mahaifiyarsa Khadija 'yar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ce.

Tun zamanin Girkawa masana suka rabu kan makomar ruhi: Aflatun na ganin yana wanzuwa bayan mutuwa, Efikurus kuwa na ganin yana watsewa tare da jiki. Falsafa ta iso Sakkwato ta littattafan Larabci, Ɗan Tafa kuma bai guje mata ba. Cikin littafinsa Futuhatur Rabbaniyya ya auna hujjojin masu taƙaita samuwa ga abin da ake gani, ya yi musu raddi. Ya rasu a 1864.