Louis Braille: Makahon da Ya Buɗe wa Makafi Ƙofar Ilmi

An haifi Louis Braille ranar 4 ga Janairu, 1809, a ƙauyen Coupvray, gabas da birnin Paris na ƙasar Faransa. Mahaifinsa baduku ne mai ɗinka sirdi da linzami. Yana ɗan shekara uku ya soke idonsa da basilla a wurin aikin uban, ciwon ya harbi ɗaya idon, kafin ya cika shekara biyar ya makance ƙurmus.

Iyayensa ba su yarda makanta ta raba shi da karatu ba. Da farko ya zauna tare da masu ido a makarantar ƙauyensu yana haddace abin da ya ji, sa'an nan a 1819 aka kai shi makarantar makafi ta Paris. Littattafan da ya tarar can manya ne masu nauyi, haruffansu irin na masu ido ne da aka yi wa tudu. Yaro yakan daɗe yana lalube kafin ya gane kalma, kuma ba shi da hanyar rubuta nasa.

Wani tsohon soja, Charles Barbier, ya ƙago rubutu na ɗige-ɗige goma sha biyu, amma sun fi ƙarfin kan yatsa. Braille ya duƙufa yana gyarawa, har a 1824, yana ɗan shekara 15, ya mai da su shida, waɗanda ake jujjuyawa su ba da alamu 63. Hikimar ita ce, yatsa yakan rufe harafi a taɓawa ɗaya, makaho kuwa yana iya huda takarda ya rubuta da kansa. Ya buga tsarin a 1829, ya kuma zama malami a makarantar.

Duk da haka, wasu malamai masu ido sun ƙi abin, har wani shugaban makarantar ya haramta shi. Ɗalibai suka ci gaba da koya wa juna a ɓoye. Tarin fuka ya yi ajalin Braille ranar 6 ga Janairu, 1852, hukumar makarantar ba ta amince da rubutunsa ba sai 1854.

Yau da wannan rubutu ake karanta harsuna masu yawa, har da Alƙur'ani mai girma. Tarihinsa ya nuna cewa ba rashin ido ke hana makaho ilmi ba, sai dai rashin kayan karatun da suka dace da shi, da kuma ƙin sauraronsa.