Lewenhuk, mai sayar da yadin da ya fara ganin ƙwayoyin da ido ba ya gani

Da yawa daga cikinmu muna biya wa ƴaƴanmu kuɗin makarantar koyon aikin lafiya da ribar kasuwa. In suka fara darasin ƙananan halittu, cikin sunayen farko da za su haddace akwai na wani ɗan kasuwa irinmu, Antoni Lewenhuk, mutumin ƙasar Holan, wadda atamfarta ba baƙuwa ba ce a rumfunanmu.

An haife shi a garin Delft a 1632. Bai yi jami'a ba, bai kuma iya Latin ba, harshen masanan zamaninsa. Yana da shekara 16 aka kai shi Amstardam yaron shago wurin wani mai sayar da yadi, a 1654 ya buɗe nasa shagon a Delft. Masu yadi na lokacin suna duba ingancin saƙa da gilashi mai ƙara girman zare. Shi sai ya koyi haɗa gilashin da hannunsa, ƙanana ƙwarai, har ya yi fiye da 500. Wani daga cikinsu yana ƙara girman abu wajen sau 270.

A 1674 ya duba ruwan wani tabki, ya ga halittu suna iyo a ciki. A 1676 ya jiƙa masoro yana neman sanin abin da ke sa shi yaji, sai ya tarar da wasu ƙwayoyi da suka fi waɗancan ƙanƙanta, su ne ake kira bakteriya yanzu. Masanan ƙungiyar Royal Society ta Landan suka yi shakka. Ba mu ga laifinsu ba: wa zai gaskata mai shago da ya ce ɗigon ruwa cike yake da masu rai? Ya aika musu da shaidar malaman coci da wasu manyan mutane da suka gani da idonsu, Robat Huk ya sake gwajin a 1677 ya tabbatar, a 1680 kuma suka sa shi cikin ƙungiyar. A 1683 ya kankaro dauɗar haƙoransa, nan ma ya same su.

Halin kasuwa dai bai bar shi ba. Ya ɓoye sirrin haɗa gilashinsa, bai koya wa kowa ba, kuma a ganinmu wannan rowa ta jawo wa ilimi jinkiri. Bai gano cewa wasu daga cikin ƙwayoyin nan ne ke kawo cuta ba. Sai bayan kusan shekara 200 Luwi Pastar na Faransa da Robat Kok na Jamus suka tabbatar da haka. Kok ne ya gano ƙwayar tarin fuka a 1882.

Lewenhuk ya rasu a Delft a 1723 yana da shekara 90. Ya bar wasiyyar a ba ƙungiyar Landan madubai 26, ƴarsa Mariya ta aika da su, daga baya kuma suka ɓace.