Dominique-Jean Larrey (1766–1842): Likitan da Ya Kai Magani Fagen Fama

An haifi Dominique-Jean Larrey a shekarar 1766 a ƙauyen Beaudéan da ke kudancin Faransa. Mahaifinsa baduku ne mai ɗinkin takalma. Bayan rasuwar mahaifin, yaron ya koma hannun baffansa Alexis, babban likitan tiyata a birnin Toulouse, wanda ya ɗora shi a kan wannan sana'a.

A 1792 ya shiga rundunar Faransa da ke yaƙi a gaɓar kogin Rhine. A tsarin wancan zamani, kekunan jinya kan tsaya nesa da fagen daga, sai wanda aka raunata ya kwana yashe a ƙasa har a tashi daga yaƙi. Kafin a isa gare shi, ko jini ya ƙare, ko rauni ya fara ruɓa. Da Larrey ya lura da yadda dawaki ke sheƙawa da igwa, sai ya tsara kekunan doki marasa nauyi, tare da ayarin likitoci, suna kwaso masu rauni ana tsakiyar gumurzu. Daga nan motar ɗaukar marasa lafiya ta samo asali.

Ƙa'idoji biyu ya riƙe. Ta farko, a fara da wanda rauninsa ya fi tsanani, ba tare da duban muƙami ko ɓangare ba. Ta biyu, a yanke gaɓar da ta ragargaje nan take, tun ruɓa ba ta bi jini ba. Ya bi Napoliyon zuwa Masar a 1798 da Rasha a 1812. A yaƙin Waterloo na 1815 sojojin Furusiya suka kama shi, har sun shirya harbe shi, sai kwamandansu Blücher ya sake shi, domin ya taɓa ceton ran ɗansa. Ya rasu a Lyon a 1842, yana dawowa daga duba asibitocin soja a Aljeriya.

Larrey ya bar duniya ba a gano cewa ƙwayoyin cuta ke haddasa ruɓar rauni ba, amma ya fahimci cewa jinkiri na kisa. A yau, a wasu ƙasashe, idan ma'aikatan motar asibiti suka zargi gubar jini, wato cutar da likitoci ke kira safsis, sukan ɗiga jinin majinyaci a ƙaramar na'ura su auna sinadarin laktet. Hauhawarsa na nuna cewa jiki ya shiga matsi, sai su ɗaura masa ruwa, su kuma sanar da asibiti tun suna hanya. Wannan aiki a kan turbar Larrey yake tafiya: a fara magani inda aka tarar da mara lafiya.