Madam Curie: Baƙuwar Da Ba Ta Manta Asalinta Ba

Duk ɗalibin da ya zauna ajin kimiyya ya ji sunan Madam Curie, kuma da yawa sun ɗauka Bafaransa ce. To, in an bi salsalarta, 'yar ƙasar Polan ce, neman ilmi ya kai ta Faransa.

An haife ta a birnin Warso ran 7 ga Nuwamba, 1867, aka sa mata suna Mariya Sklodowska. Gidansu gidan malamai ne. Kakanta na wajen uba shugaban makaranta ne a garin Lublin, ubanta malamin lissafi da kimiyya, uwarta kuwa shugabar makarantar 'yan mata. Ita ce auta cikin 'ya'ya biyar. A zamanin nan Warso tana hannun Rashawa, waɗanda suka tilasta a yi karatu da harshensu. Tun tana ƙarama babbar yayarta ta rasu, a 1878 kuma tarin fuka ya kashe uwarta.

Ta gama sakandare a 1883 da lambar zinariya, amma ba a karɓar mata a jami'ar garinsu, ga shi kuma uban ba shi da halin aika ta waje. Sai suka ƙulla alkawari da yayarta Bronya: Mariya za ta yi aiki ta biya wa Bronya karatun likita a Faris, in ta gama ita ma ta ɗauki nauyinta. Haka ta shekara da shekaru tana koyar da 'ya'yan masu hali, tana aika kuɗi. Bronya ba ta ci amana ba. A 1891 Mariya ta isa Faris ta shiga jami'ar Sorbonne, tana kwana a wani ɗan ɗaki mai tsananin sanyi, abinci ma ba ya isarta. Duk da haka ita ta zo ta ɗaya a jarrabawar digiri a 1893.

A 1895 ta auri wani masanin kimiyya, Pierre Curie. A 1898 suka gano sababbin sinadarai guda biyu. Na biyun shi ne radiyam, wanda daga baya aka riƙa maganin ciwon daji da shi. Na farkon kuwa ta raɗa masa suna poloniyam don tunawa da Polan, alhali a lokacin an shafe ƙasar daga taswirar duniya, maƙwabta uku sun rabe ta. Ta sami kyautar Nobel a 1903 tare da mijinta da wani masani, Becquerel. A 1906 keken doki ya take mijin ya mutu, ya bar ta da 'ya'ya mata biyu. Ta gaji kujerarsa a jami'a, ta sake samun Nobel ita kaɗai a 1911.

Hausawa na cewa kowa ya bar gida, gida ya bar shi, amma ita ba ta yarda ba. Ta sa an koya wa 'ya'yanta harshen Polan, ta kan kai su ganin dangi. Bayan ƙasar ta sami 'yanci a 1918, ta yi ta fafutuka har aka buɗe cibiyar maganin ciwon daji a Warso a 1932, Bronya ce ta shugabance ta. Madam Curie ta rasu ran 4 ga Yuli, 1934, da ciwon jini wanda ake dangantawa da daɗewar da ta yi tana aiki da radiyam.

Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Babbar 'yarta Irene ta sami Nobel tare da mijinta a 1935. Ƙaramar, Eve, ta je Polan ta zauna da dangin uwarta, ta tattara tsofaffin wasiƙu, ta fitar da tarihinta a 1937. Da ba ta yi haka ba, da yawancin labarin ƙuruciyar nan ya ɓace. 'Yan'uwana ɗalibai, in an tashi hutu, mu zauna da kakanninmu mu tambaye su inda aka fito, mu rubuta tun suna raye.